Kafin Ka Miƙa wa Bakanike Makulli

Da yawanku, samarin Awe, motar farko da za ta shigo hannunku ba taku ba ce. Ta wani Alhaji ce ko ta kawu, Sharon ko Golf da ta gama tsufa a Turai kafin ta tsallako ta Kwatano, aka damƙa muku a kan ku yi jigila tsakanin Awe da Lafiya, ku riƙa kawo balas da yamma. Wasu kuma albashi ne ya ɗan taru, ko kuɗin riɗi da doya, aka sayi Corolla ta hannu don kai iyali asibiti da zuwa biki. Ko wacce ce, wata rana sai ta fara rawa. Sitiyari ya riƙa kaɗa hannu, ko kujera ta riƙa jijjiga, ko madubi ya riƙa ɓari har ba a gane wanda ke biye. Abin da ka yi a kwana biyun farko, ƙanena, shi zai raba tsakanin kashe ɗan canji da kashe kuɗin gona guda.

Abin da aka saba shi ne direba ya kutsa gareji ya ce, "Oga, motar nan rawa take yi, a duba min ita," ya ajiye makulli ya wuce wajen mai shayi. Wannan magana ba ta gaya wa bakanike komai ba. Abubuwan da ke sa mota rawa suna da yawa, daga lakar da ta bushe a cikin rim har zuwa fulogin da ya mutu, kuma wasunsu ko hanya ba ta haɗa su ba. Bakaniken kirki zai tsare ka da tambayoyi. Wanda ba na kirki ba, ko wanda ilimin bai ishe shi ba, sai ya fara canke da kuɗinka: yau shokozoba, jibi tayirod, mako mai zuwa ya ce ai injin ne ya gaji. Ba kuwa za ka iya bambance mutanen nan biyu ba sai ka koyi sauraron motarka da kanka. Wanda bai san abin da ya kai gyara ba, da me zai auna mai gyaran?

Sauraron nan ba ya bukatar ka iya riƙe sifana. Ka fita da motar ba fasinja, ka kashe rediyo, ka sami inda kwalta ta miƙe a hanyar Obi. Tana rawa ne tun tana tsaye tana sulo, ko sai ta ɗau hanya? Idan sai ta ɗau hanya, ina allurar maleji take kaiwa kafin abin ya fara, kuma in ka ƙara wuta ƙaruwa yake ko lafawa? A ina kake jin sa: a tafin hannu ta sitiyari, ko a kujera da ƙasan mota, ko a ƙafar da ke kan birki? Sannan ka yi wani gwaji da ke raba gardama gida biyu. Lokacin da rawar ta kankama, ka taka kuloci, ko ka ɗaga ƙafa daga totur idan mai canja giya da kanta ce, ka bar motar ta tafi da gudun da ta ɗauko. Idan rawar tana nan yadda take, to wani abu ne da ke juyawa tare da taya. Idan ta ɗauke, ka mai da hankali wajen inji da shaf. Kada dai ka kashe inji kana cikin tafiya da sunan gwaji. Birki da sitiyari za su yi maka tauri daidai lokacin da kake neman su.

Mafi yawan rawar da ke zuwa da gudu daga taya take, kuma nan ne gyara ya fi araha, don haka nan ake farawa. Dubi fankar sama da aka lanƙwasa wa fiffike ɗaya. A lamba ɗaya lafiya lau take juyawa, ka kai ta lamba biyar sai ta nemi tsinko kanta daga silin. Tayar ƙaramar mota mai rim 15, kewayenta kusan mita biyu ne, wato a gudun kilomita 100 a awa tana juyawa wajen sau 14 a kowace daƙiƙa. Idan laka mai nauyin giram 100 ta manne a gefe guda na rim, wadda ko tafin hannu ba za ta cika ba, a wannan gudun tana fizgar tayar da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 15. Kuma fizgar ba ta bin gudu a hankali: ka ninka gudu sau biyu, ita ta ninku sau huɗu. Shi ya sa motar da ke tafiya lumui a cikin gari za ta fara kaɗa maka hannu da zarar ka haura 80. Idan a sitiyari kake ji, tayoyin gaba ne. Idan a kujera, na baya.

Mu nan laka ba baƙuwarmu ba ce. Daga Afrilu zuwa Oktoba, duk motar da ta shiga hanyar gona ta wajen Tunga ko Azara ɗauko kaya, za ta fito da laka a cikin rim ta ciki, inda mai wankin mota ba ya kai hannu. Na ga wani yaro direban Sharon da aka canja masa shokozoba biyu na gaba da tayirod, motar ba ta fasa rawa ba. Wani dattijo mai faci ne ya kwance tayar, ya kifa ta a ƙasa, ya sa sukundireba ya ɓamɓaro busasshiyar laka dunƙule guda, ya mai da tayar ya ce, "Ɗana, je ka gwada." Abin da ya karɓa bai kai kuɗin kwanon abinci ba. Ban ce wanda ya canja shokozoban ɓarawo ne ba. Bai hau motar ba ne, bai kuma tambayi inda ta fito ba, shi ma yaron bai ga dalilin faɗa ba.

Idan an wanke rim rawar ba ta tafi ba, sai balansin, kuma a Lafiya akwai masu injinsa. Ka tsaya a kan aikin. Za a ɓalle tsofaffin dalma, a ɗaure tayar a bakin injin, a shigar da girman rim da faɗinsa, a bar ta ta juya. Lambobi biyu za su fito, na ciki da na waje, ka ga 25 a nan, 40 a can. Giram ne na dalmar da za a maƙala, injin kuma zai nuna daidai wurin. Bayan an maƙala dole a sake juya ta, kuma abin da kake jira ka gani shi ne sifiri a gefen biyu. Wanda ya buga dalma ya sauke taya bai sake juyawa ba, rabin aiki ya yi maka ya karɓi cikakken kuɗi. Kafin a sauke ta ka sa a juya ta da hannu, ka durƙusa ka sa ido a bakin rim. Idan yana lilo hagu da dama, ko tayar tana tsalle sama da ƙasa, to rami ya lanƙwasa rim ko tayar ta karkace, kuma ko buhun dalma aka zuba ba zai gyara ba. Wani abu kuma: alaimen daban, balansin daban. Alaimen na motar da ke ja gefe guda ne, ko mai cin taya ta baki ɗaya. Ana yawan sayar wa mutane shi a matsayin maganin rawa, su biya, su tafi da rawarsu.

Akwai wata rawar tayar da ta fi wannan haɗari, ita kuwa a hankali take zuwa. A gudun 20 ko 30 sai ka ji motar tana rangaji, sitiyari yana kai da komo shi kaɗai. Ka tsaya ka shafa tayoyin da hannu, bayansu da gefensu. Idan ka ji ƙullutu, wayoyin cikin tayar ne suka rabu. Wannan ba ta faci ba ce, ba kuma ta "bari in kai Lafiya" ba ce. A zafin Maris, da lodin doya a but da wani a saman mota, irinta ce ke fashewa. Sa safaya nan take.

Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi bayansa a Legas a 2008, tayar da muke hawa daga waje take zuwa, kuma talaka 'yar Beljiyam, wato ta hannu, yake saya. Ban hana ka ba, na san aljihu. Amma ka iya karanta ta. A gefen kowace taya, a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 3521 na nufin mako na 35 a shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda ta gama aiki, kamfanin Michelin kuwa ya ce ko wadda ba ta nuna komai ba kada ta wuce goma. Ka dubi tsagar gefe, ka dubi ko an sake sassaƙa mata zane da wuƙa an shafe da baƙi. Zanen da ya rage ƙasa da milimita 1.6 ba zai riƙe maka jiƙaƙƙiyar kwalta ba.

Iska kuma, abin da kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba shi ne gejinka, yawanci tsakanin 30 da 35 a ƙananan motoci. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Masu faci da yawa suna bugawa har 50 don "ta ɗau kaya", sai motar ta riƙa dukan kowace tsakuwa tana aika maka shi har haƙori. Haka ɗaurin noti. Yaron gareji ya zura bututu a sifana ya hau ya yi tsalle a kai, yana ganin ƙwazo ya yi. Ƙusar yake miƙarwa, wata rana ta gutsure. Ana ɗaure noti ne tsallake-tsallake, wannan sannan na daura da shi, a hankali har su zauna daidai.

Rawar da ba ta zuwa sai ka taka birki, musamman daga gudu, tana nuna faifan birki ne. Ya cinye ba daidai ba, ko fad ya bar masa tabo don zafi, ko tsatsa da ƙasa sun shiga tsakaninsa da mazauninsa. Za ka ji birkin yana harbin ƙafarka. Amma ka lura, a motar da ke da ABS, idan ka taka da ƙarfi a kan burji ko laka za ka ji irin wannan harbin, shi kuwa aikinsa ke nan, kada wani ya cire maka shi. Wadda ke zuwa idan ka taka totur a hawa, ta ɗauke idan ka saki, yawanci shaf ne ta ciki. Ƙas-ƙas-ƙas a kwana kuwa shaf ne ta waje, kuma kusan kullum daga robar da ta yage ake farawa, giris ya fita, yashi ya shiga. Robar nan ba ta da tsada. Shaf ɗin da take karewa ne mai tsada. A Hilux da bas masu ja da baya, sai a duba farfela da kuros ɗinta. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu, ya canja murya idan ka karkata hagu ko dama, boris ne.

Waɗannan ƙafafun mota ana gwada su ne a gabanka, ba da baki ba. A ɗaga ta a jak, a tokare da abu mai ƙarfi, don ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Bakanike ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza: idan ta yi ƙwal-ƙwal, boris ne ko boljoyin. Ya kama ta hagu da dama: idan ta yi wasa, tayirod. Kai ma ka sa hannu ka ji. Idan akwai wasa a nan, motar ba ta ɗaukar fasinja sai an gyara, domin ranar da boljoyin ya fita tayar kwanciya take yi, ba ta neman izini.

Rawar da ke nan tun mota tana tsaye kuwa, ka ƙyale taya, ba ruwanta. Inji mai silinda huɗu, idan ɗaya ta daina cin wuta sauran ukun ne ke jan ta. Za ka ji yana ɗingishi, salansa na tari, ƙarfi ya ragu a hawa, mai kuma yana zurarewa. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, ba mai son ya riƙa shayar da silindar da ba ta aiki. Fulogi ne, ko koyil, ko nozul ya toshe, ko wata robar iska ta tsage. Ka fara tambayar kanka a ina ka sha mai na ƙarshe. A Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, motoci suka yi ta lalacewa a Legas da Abuja, kuma a gidajen mai aka saya. To ina ga na galan a bakin hanya, wanda ya kwana a jarkar da ba ka san me aka zuba a cikinta jiya ba? Idan kuwa muryar injin lafiya lau amma jikin motar ne ke ɓari, ya ƙaru idan ka sa giya kana kan birki, ga wani "dum" duk sanda za ka tashi, robobin da injin ke zaune a kai ne suka mutu.

A nan kwamfuta take da amfani. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996, da masu fetur na Turai tun daga 2001, suna da soket a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike. Za ta iya fito da P0302, ma'ana silinda ta biyu tana fashin wuta. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba ta ce koyil ba ne, ba ta ce fulogi ba ne. Wanda ya san aiki zai ɗauke koyil ɗin silinda ta biyu ya musanya da na ta uku, ya goge lambar, ya tayar da injin. Idan ta dawo P0303, laifin ya bi koyil, an kama shi. Idan ta tsaya a kan biyu, koyil ya fita daga zargi, a duba fulogi da nozul. Wanda bai sani ba, ko wanda ya sani yake so ya ci, zai ce a sayo koyil huɗu. Fitilar injin nan mai ruwan ɗorawa kuma, idan ta kama ta tsaya, kana da lokacin kai ta gareji. Idan ƙiftawa take, ɗanyen mai ne ke gangarawa salansa yana ƙona matatar hayaƙin nan da ake kira indomi, sai ka rage wuta ka nemi wurin tsayawa.

Wanda zai sayi mota kuma ya leƙa ƙarƙashinta. Da yawa daga arewacin Amurka da Kanada suke fitowa, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Ɗan Awe, garin da iyaye mata suka gaji dafa gishiri kaka da kakanni, ba sai an gaya masa abin da gishiri ke yi wa ƙarfe ba. Fenti yana sheƙi a sama, ƙarfen da ke riƙe da ƙafafu ya zama garin tsatsa.

To, da wannan ɗan sanin a hannu, wa za ka ba motar? A gari irin namu neman bakanike ya fi sauƙi a kan Abuja, don an san kowa da asalinsa. Ka tambayi a hannun wa ya koya, shekara nawa ya yi, kuma yaye shi aka yi ko guduwa ya yi ya buɗe nasa. Ka tambayi wace mota ce tasa, domin mai Toyota da Honda daban, mai Golf da Sharon daban. Dattawan da suka taso a kan Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, suna da kunnen da ba a saya da kuɗi, amma wasunsu da sun ga waya da sensa sai su ce a cire. Samari kuma suna da na'ura a hannu, wasu ba su da kunnen. Ka nemi wanda ya haɗa biyun, in ba ka samu ba ka nemi wanda ya san iyakarsa.

A tasha za ka sami labari, amma ka san wa kake tambaya. Ka je wajen mai tuƙa motar kansa, wanda tsohuwar motarsa kullum tana kan layi, domin shi daga aljihunsa yake biya. Kada ka ce masa wa ya fi araha. Ka ce, "Yaya, wa ke taɓa maka mota, kuma ka taɓa mai da masa aiki ɗaya sau biyu?" Direban haya wani lokaci akwai abin da ke tsakaninsa da bakanike: a rubuta wa Alhaji kuɗi sama da na gaskiya, a raba. Ina roƙonka kada ka zama shi. Ban da haramcin abin, bakaniken da ya taya ka cutar maigidanka ya riga ya san ba ka da bakin yi masa magana ranar da ya cuce ka.

Ka fara gwada shi da ƙaramin aiki, juyen baƙin mai ko canjin fad, ka zauna a benci ka yi kallo. Ina yake ajiye notocin da ya kwance, a cikin gwangwani ko a cikin yashi? Guduma ce farkon abin da hannunsa ke kaiwa? Ya yake yi wa yaransa magana, kuma yana duba abin da suka ɗaura kafin a rufe bonet? Sai dai mizanin da na fi yarda da shi shi ne ranar da ka kai masa rawa. Ka ce, "Maigida, daga 90 take farawa, a sitiyari nake ji, ko na taka kuloci tana nan, kuma shekaranjiya na shiga laka." Na kirki zai ji daɗi, ya ƙara maka tambaya, ya ce mu hau mu gani. Wanda ya ɓata rai ya ce, "Kai ne bakaniken ko ni?" ka karɓi makullinka cikin mutunci. Wanda ya yanke hukunci daga inda yake zaune bai taɓa motar ba, shi ma haka. Ka riƙe wanda ya iya cewa, "Wannan ba aikina ba ne, kai wa mai waya," ko "Ba ni da injin, sai ka shiga Lafiya." Kuɗi ya bari ya wuce shi don kada ya ɓata maka mota.

Akwai wasu shawarwari da in ka ji su ka san inda ilimin mutum ya tsaya. A cire tamostat wai don ƙasarmu da zafi, a haɗa fanka kai tsaye: injin ba zai riƙa kai zafin da aka ƙera shi a kai ba, ya riƙa shan mai yana cin kansa. A cire ƙwan fitilar inji don ta daina damunka. A fasa indomi wai ta toshe, ba tare da an gwada ba, kuma ba za a ba ka abin da aka fasa ba, domin akwai ƙarafa masu tsada a ciki irin su filatinam da ake saye. Duk abin da aka cire daga motarka naka ne. Ka faɗa tun kafin a fara, cikin fara'a, cewa tsohon kaya a but za a sa maka. Mai gaskiya ba ya jin zafin wannan, har ma zai nuna maka inda abin ya lalace.

Kayan gyara hawa uku ne: sabo na asali, na Beljiyam da aka ciro daga wata motar, da sabo mai kwali mai kyau wanda ba ya wata uku. Daga Ladipo ta Legas, ko Nnewi, ko Ƙofar Ruwa ta Kano suke biyowa kafin su iso shagunan Lafiya, kowane hannu da ribarsa. Ba laifi ba ne bakanike ya raka ka saye, shi ya san mai kyau, kuma sanannen abu ne mai shago yana ɗan ba shi la'ada. Laifin shi ne a karɓi kuɗin na asali a ɗaura na jabu. Ku je tare, ko ka sa a rubuta maka rasit da sharaɗin mayarwa idan bai yi ba. A kan birki, tayirod da boljoyin kuwa, araha ba ta ado. Ka kuma tambaya ko yana cikin ƙungiyar kanikawa ta NATA. Katin ƙungiya ba ya sa mutum iya aiki, amma idan rigima ta taso akwai shugaban da za ka kai wa ƙara kafin a kai ga 'yan sanda.

Saura naka laifin, mai mota, don ba duka na kanikawa ba ne. Mutum ya yi awa biyu yana bin waya har ya gano wadda ta tsinke, ya haɗa ta, sai ka ce, "Haba Oga, ai ba ka canja komai ba," ka miƙa masa kuɗin ruwa. Gobe idan ka dawo zai canja maka wani abu, ko yana bukatar canji ko ba ya bukata, tunda ka koya masa cewa ƙarfe kake biya, ba sani ba. Yawancin canke-canken da muke kuka da su mu muka haife su da wannan rowar. Ka biya kuɗin bincike da daɗin rai, ko da abin da aka gano laka ce. Ku yi ciniki kafin a kwance, kuɗin aiki daban, kuɗin kaya daban, kuma ka ce kada a ƙara komai sai an kira ka. Idan ya ce boljoyin ya mutu, kada ka ce, "A lallaɓa min zuwa bayan kasuwa." Zai lallaɓa, don yana jin kunyarka, kai kuma ka ɗebi matan mutane da 'ya'yansu a kai. Idan bashi ne ka biya ranar da ka ce. Idan motar ta maigida ce, ka sanar da shi tun ranar da ta fara, kada tsoron a ce ka ɓata mota ya sa ka yi shiru har ƙaramin gyara ya girma. Ƙannena mata da ke tuƙi, ku ma wannan duka naku ne. Wadda ta shiga gareji ta faɗi gudu da wurin da take jin rawar, ba a yi mata kallon wadda za a yi wa kuɗin goro.

Idan an gama, kada ka cika kuɗi a bakin gareji. Ku hau tare, ku koma wurin da ka saba jin rawar, ka kai allura inda take farawa. In tana nan, shi za ka fara mayar wa, ba wani sabo ba, kuma yadda ya karɓe ka a wannan dawowar zai gaya maka ko za ka sake zuwa. Ka ajiye ɗan littafi a aljihun mota, ka riƙa rubuta rana, da lambar maleji, da abin da aka canja, da wanda ya canja. Duk ranar da aka kwance taya kuma, noti yakan ɗan saki bayan tafiyar farko. In daga Lafiya ka taso, ka tsaya a Obi, ka fito da sifana ka bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ka ƙarasa gida.